Tsargiya Ba Alamar Girma Ba Ce

A ƙauyuka da dama na ƙasar nan, musamman waɗanda ke bakin tafki ko fadama ko madatsar ruwa, idan yaro ɗan shekara 12 ko 14 ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa ba ya damuwa. Sa'o'insa duk haka suke gani, har ma akwai masu ce masa ai balaga ce ta zo. Alhali kuwa ciwo ne, sunansa tsargiya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da shi a duniya.

Tun cikin 1851 wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano tsutsar da ke kawo ciwon, sa'ad da yake aiki a Alƙahira. Idan mai tsargiya ya yi fitsari a cikin ruwa, ƙwayayen tsutsar sai su ƙyanƙyashe, su shiga jikin dodon koɗi su hayayyafa. Bayan 'yan makonni sai su fito su bazu cikin ruwan, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga iyo ko su ko wanki, sai su huda fatarsa su wuce cikin jini, su zauna a jijiyoyin mafitsara shekara da shekaru. Watau ba sai mutum ya sha ruwan ba, tsoma ƙafa ma ya isa.

Madatsun ruwa irin su Tiga, wadda aka gama a 1974, da Bakolori, wadda aka gama a 1978, sun kawo albarkar noman rani, amma magudanan da ke ratsa gonaki sun zama matattarar dodon koɗi. Samari kuwa su ne suka fi kowa daɗewa a cikin ruwan.

Ɓarnar tsargiya a hankali take. Yaro yakan rasa jini, ya riƙa kasala, karatu ya gagare shi. In an bar ta ta daɗe, takan lalata mafitsara da ƙoda, har ta kai ga ciwon daji. 'Yan mata masu wanki da ɗiban ruwa su ma ba su tsira ba, domin takan taɓa mahaifa har ta hana haihuwa, kunya kuma ta hana su faɗa wa kowa.

To, magani akwai, ana ce da shi praziquantel, kuma akan raba shi kyauta a makarantu. Ma'aikatan lafiya sukan auna tsawon yaro da sanda su san ƙwaya nawa zai sha, kuma ana so ya ci abinci tukuna don kada ya ji jiri ko tashin zuciya. Amma fa maganin tsutsar da ke jiki kaɗai yake kashewa. Yaron da ya sha yau ya koma tafki gobe, ya sake ɗauko wata. Ga kuma almajirai da 'ya'yan makiyaya waɗanda rabon makaranta ba ya iske su.

Saboda haka ilimi ya zama dole. A sanar da matasa cewa kada a yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ruwan wanka na tafki kuma a tafasa shi ko a ajiye shi kwana biyu kafin a yi amfani da shi, wanda ya ga jini kuwa ya tafi asibiti.

Kada a ce abin ba zai yiwu ba. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya, amma da aka koya wa mutanen ƙauye tace ruwan sha, sai ga shi a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon ya ƙare a ƙasar nan. Idan malaman firamare da na allo da masu unguwanni suka ɗauki zancen tsargiya da irin wannan himma, yaranmu za su huta.