Darektan lakkwal da rabon karatun shekara

Duk garin da ke da lakkwal yana da darekta. Jama'a sun san shi wajen rubuta sunayen yara da tarbon baƙi. Amma akwai wani aiki nasa da ya fi waɗannan nauyi: raba karatun shekara, don kowane aji ya gama abin da aka ɗora masa kafin hutu.

Daga ina tsarin karatu yake fitowa?

Ma'aikatar ilimi ta Yamai ita ke rubuta tsarin karatu na ƙasa duka. Ƙaramar makaranta tana da aji 6, daga CI zuwa CM2. An rubuta abin da kowane aji zai koya: karatu, rubutu, lissafi, tarihi, sanin ƙasa, tsabta da kiwon lafiya. Yaron Tawa da yaron Damagaram abu ɗaya suke koyo. Darekta ba ya da ikon ƙara wa tsarin ko rage shi. Aikinsa ya sa tsarin ya shiga cikin kwanakin da garinsa yake da su.

Shekarar takarda da shekarar ƙauye

A takarda, karatu yana farawa watan Oktoba, ya ƙare watan Yuni. Wata 9 ke nan. A ƙauye kuwa, Oktoba lokacin girbi ne. Yara suna gona. Inda aji rumfar kara ce, sai an gama girbi ake samun karan yin ta. In ruwa ya sauka da wuri, rumfa ta jiƙe, manyan yara kuma su tafi shuka.

A yi lissafi. In an rasa wata 2 a farko da wata 1 a ƙarshe, saura wata 6. Wata 3 sau shekara 6 ya zama wata 18. Wato yaro ya rasa karatun shekara 2 cikakku, alhali kowace shekara ana rubuta sunansa. Shi ya sa ake samun yaro a aji na 4 bai iya karanta wasiƙa ba.

Yadda darekta yake raba aiki

Kafin a buɗe lakkwal, darekta yana tara malamansa. A taron nan ana yanke abu 3.

Na farko, wa zai riƙe wane aji. Darekta mai hankali yana ba gwanin malami aji na 1, domin a nan ake koyon baƙaƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In malamai sun kasa, sai a haɗa aji 2 wurin malami guda, a tsara yadda waɗannan za su yi rubutu lokacin da yake karantar da waɗancan. A ƙauyuka da yawa darekta shi ma yana riƙe da aji.

Na biyu, raba darussa wata-wata da sati-sati. Kowane malami yana rubuta rabonsa, ya manna shi a cikin aji tare da takardar awoyi. In an makara wajen farawa, darekta da malamai suna sake rabon, su sa karatu da lissafi a gaba.

Na uku, harshen koyarwa. A 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci. A makarantar da ke bin wannan hanya, yaro yana fara karatu da harshen gida, Faransanci ya shigo sannu-sannu. Dole darekta ya ba ƙananan azuzuwa malamin da ya iya rubuta Hausa daidai.

Bin sawun aiki

Rabo a takarda ba ya isa. Kowane malami yana da littafin da yake shirya darasinsa a ciki. Darekta yana duba shi, ya sa hannu. Yana shiga aji ya zauna baya, ya saurara. Yana duba kayen yara. Bayan jarrabawa yana ƙidaya waɗanda suka gane da waɗanda aka bari baya. In malami yana da wahala da wani darasi, darekta ya nuna masa, ko a kai maganar taron malamai na makarantun kusa, wanda ake kira CAPED. Daga nan rahoto ya tafi wurin sufeton makarantu.

Rabon uwaye

Darekta shi kaɗai ba ya iya maido watannin da suka ɓace. Tun cikin shekarun 2000 makarantu suke da kwamitin kula da su, wanda aka sani da COGES, yanzu ana ce masa CGDES. Uwaye maza da mata suna ciki, darekta ma yana ciki. A babban taron gari ake yanke aikin shekara. Ga abin da uwaye za su iya yi:

1. A ajiye kara da itace tun bara, a yi rumfa kafin Oktoba.
2. A tura yara, maza da mata, tun ranar farko. Tallar kasuwa da ɗibar ruwa su jira bayan an tashi.
3. A nemi darekta ya faɗi a taro inda kowane aji ya kai.
4. A shirya awoyin ƙari da marece don yaran da aka bari baya.

Wanda ya shiga yaƙi da jahilci yana da abin da ya fi. Yana iya buɗe kayen ɗansa na Hausa, ya ga ranar da aka yi rubutu na ƙarshe. In sati ya wuce ba sabon rubutu, ya je wurin darekta ya tambaya cikin ladabi. Darekta na kirki yana murna da irin wannan tambaya, don ya san ba shi kaɗai ke ƙidayar kwanaki ba.