Kada Takardar Ƙi Ta Kwana a Aljihu

Jama'ar Fagge da Sabon Gari, musamman fatomomi da masu ba da hayar ɗakuna, da limamai da fastoci: in akwai ɗan gudun hijira a ƙarƙashinku da aka miƙa wa takardar cewa an ƙi ba shi mafaka, ku nemo wanda zai karanta masa ita yau ɗin nan. Takardar da Turanci take zuwa. Mutumin da ya taso daga Chadi ko Sudan ko Afirka ta Tsakiya, Larabci ko Faransanci yake ji. Sai ya ninke ta huɗu, ya cusa a aljihun riga, ya koma dakonsa a Kantin Kwari, wa'adin ɗaukaka ƙara yana ta ƙarewa bai sani ba. Tsohuwar dokar 1989 da ta kafa Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ƙasa kwana 30 kacal ta yanka.

Yana da haƙƙin a saurare shi, da tafinta mai jin harshensa sosai, a kuma faɗa masa dalilin ƙin. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 bai ce sai ɗan ƙasa ba. In aka yanke hukunci ba a ji ta bakinsa ba, Babbar Kotun Tarayya na iya rushe shi. Najeriya kuma ta shiga yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, wadda ta hana mayar da mutum inda ake farautar ransa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne jinkiri. A Janairun 2018 aka kama jagoran 'yan awaren Kamaru, Sisiku Ayuk Tabe, da abokansa a wani otal a Abuja, kafin watan ya ƙare an miƙa mutum 47 ga Kamaru, cikinsu har da masu neman mafaka. Sai a Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce an taka doka, a dawo da su. Ina! A watan Agusta kotun soja a Yawunde ta ɗaure shi da mutum tara rai da rai.

Don haka kada a tsaya jiran 'yan cuwa-cuwa masu cewa a kawo kuɗi su gyara takarda. Rajistar mafaka kyauta ce. A ɗauki hoton takardar, a rubuta ranar da ta shigo hannu, a kai shi wurin lauya ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. In jami'ai sun riga sun tafi da ɗan gudun hijirar, lauya ya nemi umarnin kotu na hana fitar da shi tun motar ba ta kama hanyar iyaka ba.