Maganin Gargajiya a Ƙasar Waca: Amfaninsa da Inda Ya Kamata a Tsaya

A ƙasar Waca, kamar sauran garuruwan Magariya da Dungas, da wuya ka shiga gida ka rasa ƙullin saiwa ko sassaƙe a rataye. Kafin a tuna da likita, an riga an jiƙa wani abu. Wannan ba abin zargi ba ne, domin itatuwanmu suna da ƙarfi na gaske. Ƙarfin nan ne ma ya sa dole a san nawa za a sha, wa zai sha, da lokacin da za a ajiye ƙwarya a nufi asibiti.

Kowa ya san sabara, wadda ake dafa ganyenta saboda zawo da ciwon ciki, masu jego kuma su yi wanka da ita. Baurin da ya sa majema ke jeme fata da bagaruwa shi ne ke tsuke dasashi mai jini in an kurkure baki da ruwanta. Tsamiya da filasko suna sassauta ciki. Zoɓo marar sukari yana ɗan rage hawan jini, amma ba ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Zogale kuwa abinci ne mai gina jiki, ya dace da mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye.

Maganin asibiti ma da yawa daga itace ya fito. A 1820 wasu masana biyu a Faransa suka tace kinin daga ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu. Maganin masassarar cizon sauro da ake bayarwa yau a asibitocinmu ya samo asali daga wani tsiro, dangin tazargade, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda gano shi. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta haɗa Niprisan domin masu ciwon sikila daga tsirrai huɗu, cikinsu har da karan dafi da kanumfari da masoro. Abin da masana suka ƙara shi ne ma'auni. Jiƙon gida ba shi da wannan: sassaƙen tsohon itace ba ɗaya yake da na matashi ba, jiƙon kwana uku kuma ya fi na safiya ƙarfi, ga shi duk da ludayi ɗaya ake sha.

Wasu tsirran ma guba ne tsantsa. Ruwan tumfafiya yana lalata ido, in an sha shi kuma yana taɓa zuciya. Zaƙami yana gusar da hankali, yana iya kisa. Ƴaƴan zurman da na cin-da-zugu suna sa amai da zawo mai tsanani. Ƴaƴan rai-ɗore suna lalata hantar yaro in ya ci da yawa. Man ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, yana sa jariri jijjiga da suma. Ita ma kanwa a yi hattara da ita: binciken likitocin Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya, asibiti take buƙata a ranar.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen yara. Hanta da ƙodar jariri ba su yi ƙwarin da za su tace bauri ba, ruwan da aka jiƙa shi da shi ma yana iya kawo zawo. Nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6. Sai kuma jinkirin kai yaro asibiti. Duk damina, masassara da tamowa suna cika sashen yara na asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a 2005. Masassarar cizon sauro tana iya gama da yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Sirace da ganyen bedi na iya sa shi gumi jikin ya ɗan huce, alhali ciwon na nan yana shanye jininsa. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko tafin hannunsa ya yi fari, ko ya yi laushi ba ya farkawa, kada a tsaya turare ana cewa iska ce. Mai zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida. Tun 2006 Nijar ta yafe wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a asibitocin gwamnati, tun 2013 kuma ake raba musu maganin rigakafin masassara wata-wata a damina. A karɓa, a ba yaro har ya cika kwana ukun da ake shan sa.

A kula kuma da kwalaben da ake tallarsu da lasifika a kasuwanni. Duk wanda ya ce maganinsa ɗaya na warkar da basir da shawara da ciwon sukari da sanyi da rashin haihuwa, kuɗinka yake nema. An sha kama irin waɗannan an gauraya su da ƙwayoyin asibiti, kamar na ƙarfin maza, da na kashe raɗaɗi masu cin ƙoda a hankali.

Mai ciki kada ta sha jiƙo ko tsimi sai ta tambayi ma'aikacin lafiya. Mai shan maganin hawan jini ko sukari ko tarin fuka kada ya bar shi saboda saiwa. In an je asibiti a faɗi abin da aka sha, a tafi ma da ragowarsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu maganin gargajiya, waɗanda Afirka ke karrama sana'arsu kowace ranar 31 ga Agusta, su ma da nasu nauyin: wanda ya ga ciwo ya fi ƙarfinsa ya tura marar lafiya gaba tun da sauran ƙarfi a jikinsa, musamman in yaro ne.