Yadda Muka Rage wa Kan Jirgi Girma

Yawancin yaran makarantarmu a nan ƙasar Ɗansoshiya sun san layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Dangora zuwa Kano, amma ba wanda ya taɓa ganin kan jirgi mai cin kwal yana fitar da tururi. Saboda haka a darasin aikin hannu muka sa 'yan aji shida su ƙera ɗan ƙarami da gwangwanin madara da waya da dalma. Wani maƙerin farfaru ya taimake su. Zango guda suka yi a kansa.

Hoton da suka duba kuwa na ƙaramin jirgin kuza ne, wanda Turawa suka kira jirgin Bauci, ko da ya ke bai taɓa zuwa garin Bauci ba. Daga Zariya ya ke tashi, ya bi ta Dutsen Wai da Rahama, can kudu da ƙasar Doguwa, ya hau dutse zuwa Jos da Bukuru. Ya isa can a 1914, aka rufe shi a 1957. Faɗin layinsa inci 30 ne kawai. Na Kano kuwa, wanda ya iso birni a 1911, inci 42 ne.

Da aka gama, sai yaran suka ce su fa jirgin Kano su ke so, wanda ya ratsa ƙasarsu. Gwangwani ya ƙare, kuɗin dalma kuma babu. Wani yaro ya kawo shawara a datse kowane sashi daidai wa daida. Da mun bi ta tasa, da aikin zango guda ya tafi a banza, gama in aka matse ƙafafun jirgin ba za su ƙara zama a kan layin da muka riga muka kafa a katako ba.

Sai muka koma kan allo. Faɗin ɗan layinmu inci ɗaya ne da kwata uku. In aka ce yana wakiltar inci 30, to inci ɗaya namu ya tsaya a madadin inci 17 ke nan. In kuwa inci 42 ya ke wakilta, inci ɗaya ya zama 24 cif. Watau layi ɗaya zai ɗauki jiragen nan biyu, ƙafafu kuma ba ruwansu da almakashi. Abin da zai canja shi ne mutum. Direba mai tsawon inci 68 ya kan fito inci 4 a awon farko, amma a na biyu bai cika inci 3 ba.

Nan yaran suka sha mamaki: domin jirgin ya zama babba, dole a rage shi. Ido ba da tukunya ya ke auna girman jirgi ba, da abin da ɗan Adam ke taɓawa ya ke aunawa. Saboda haka muka kwance rufin ɗakin direba muka sauke shi da wajen inci ɗaya, muka ƙuntata ƙofa da taga, muka matso da matakala kusa da juna. Bututun hayaƙi ma muka gajarta shi. Tukunyar kuwa muka bar ta yadda ta ke, sai ga ta ta zama ƙatuwa kusa da ƙaramin ɗaki. Wata yarinya ta gina sabon direba da yumɓu.

Wuta dai ba mu hura masa ba, kuma muna roƙon iyaye kada su bar yara su gwada. Dalma ba ta jimre zafi, tururi kuma in ya rasa mafita ya kan fasa gwangwani. Da hannu mu ke tura namu.

Yanzu kuma sun taso mu da zancen sabon layi mai inci 56 da rabi, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. Sun riga sun yi lissafin da kansu: inci ɗaya a madadin 32, direba kuma ɗan inci 2 da kaɗan. Mun ce su fara tara gwangwani tukuna.