Kansar baki: yaushe ake iya tsirar da muƙamuƙi?

Ba kowace kansar baki ce ke sa a yanke muƙamuƙi ba. Idan cutar ba ta ratsa ƙashi ba, likita kan sare gefensa na sama kawai ya bar gindin, mutum ya ci gaba da tauna da magana, fuska ba ta karkace ba. In kuwa ta kai ɓargo, dole a cire yanki guda, a cike gurbin da ƙarfe ko siririn ƙashin ƙauri.

Saurin zuwa asibiti ne yakan raba biyun. Jama'ar Tambuwal da Kebbe, musamman masu amfani da taba, gyambon bakin da ya wuce mako 3 bai warke ba, a daina jiƙo, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.