Test262: Aikin da ke hana Chrome, Firefox da Safari yin saɓani

Wanda ke Zinder ya buɗe shafin intanet da Chrome, ɗan uwansa a Faransa ya buɗe shi da Safari, kuma duk su ga abu iri ɗaya. Wannan ba sa'a ba ce. Akwai mutanen da aikinsu shi ne tabbatar da hakan.

Galibin shafukan intanet suna aiki ne da JavaScript, harshen kwamfuta da Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995. Tun 1997 aka rubuta ƙa'idojinsa a wani kundi mai suna ECMA-262, ƙarƙashin ƙungiyar Ecma International da ke Janeba. Kwamitin TC39 ne ke kula da shi, kuma daga 2015 kowace shekara ake fitar da sabon bugu.

Sai dai kundi rubutu ne kawai, kuma kowane kamfani da injinsa na karanta harshen: Chrome na da V8, Firefox na da SpiderMonkey, Safari kuwa JavaScriptCore. Idan kowa ya fahimci ƙa'idar yadda ya ga dama, tamkar kasuwa ce da kowane mai hatsi ya zo da tiyarsa.

Nan ne Test262 ya shigo. Tarin ƙananan gwaje-gwaje ne, dubun dubata, kowanne yana yi wa inji tambaya guda: in an ba ka kaza, me za ka mayar? Injin da ya kauce wa kundin ya faɗi.

Ga misali. Kafin 2018, idan Chrome zai jera abubuwan da suka haura goma, yakan hargitsa matsayin waɗanda suka yi kunnen doki. A jerin ɗalibai, biyu masu maki ɗaya suna iya musayar wuri, alhali a Firefox ba su motsa ba. Bugun 2019 ya wajabta a bar su yadda aka same su, aka kuma rubuta gwaje-gwajen da ke gadin wannan doka, har da na jeri mai abubuwa 11.

Wahalar aikin tana wajen kulawa. Gwajin ma yakan yi kuskure, sai a zauna a tantance: injin ne da laifi, gwajin ne, ko kuwa kundin ne bai fayyace ba? Duk sabon abin da za a ƙara wa harshen sai an rubuta masa gwaji, kuma ba ya shiga kundin sai injuna biyu sun tsallake. Injiniyoyin kamfanoni irin su Bocoup na Amurka da Igalia na Sifaniya sun daɗe suna ɗauke da wannan nauyi.

Ba aiki ba ne da ke jawo suna, amma in aka yi sakaci da shi, abin da inji mafi yawan masu amfani ya yi shi zai zama doka. Matashin da ke koyon haɗa manhaja kuwa yana iya karanta gwaje-gwajen kyauta a GitHub, har ya tura gyara.