Kwalin da ya je Yamai ya dawo, da abin da ya koya mana



Wata ranar Alhamis muna zaune bisa tabarma, akwati na tsakiya, masu makulli uku sun buɗe an fara zubi, sai ga ɗaya daga cikinmu ta shigo da kwali a ka. Ta sauke shi gaban sakatariya, ta nemi wuri ta zauna, ba ta ce uffan ba. Duk mun gane kwalin. Kwana 12 da suka wuce mu muka taya ta ɗaure shi, aka kai tasha aka sa a motar Yamai. Ga shi ya yi tafiyar kilomita sama da 600, ya juyo, ya dawo Maraɗi da igiyarsa yadda muka ɗaure.

Ƴar uwar tamu turaren wuta take yi, da humra da dambun nama. Ɗiyarta ce ke ɗora mata hotuna a WhatsApp. Ta nan wata Hajiya a Yamai ta gani, ta yi odar kayan jikka 30: turare da humra na jikka 22, dambu na jikka 8. Hajiya ta turo kafin alƙalami jikka 15 ta gidan tura kuɗi, saura sai kaya sun shiga hannu. Ita kuma tamu, kafin kuɗin su iso, ta riga ta ɗauki bashin jikka 20 a akwati, za ta maido 22 bayan sati huɗu. Jikka 18 ta sayi kayan haɗi, 2 ta biya kuɗin mota. Ta yi lissafin ribar jikka 8. Yanzu ga kwali a gabanmu, ta biya wasu jikka 2 kafin a ba ta shi, kuma wa'adin bashi saura sati guda.

Me ya maido shi

Da muka tambaye ta, cewa ta yi: “Wallahi inna, matar nan gudu ta yi. Ta ga ba ta da cikon kuɗin, shi ya sa ta ƙi zuwa.” Ta yi kwanaki ba ta yi wa Hajiyar magana ba don fushi. Muka ce a kira ta nan take, a buɗe murya kowa ya ji. Lambar ba ta shiga. Aka gwada ta WhatsApp, sai ga ta ta ɗauka, ita ma a fusace: “Ni anka cuta! Na aika yaro har sau biyu, anka ce babu kaya da sunana.”

A hankali zance ya warware. Lambar da aka rubuta a jikin kwali ita ce ta WhatsApp ɗin Hajiya. Layin ya daɗe da ɓacewa, amma WhatsApp na ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko an sa wani layi a waya. Ƴan tasha kuwa kira suke yi, sun yi ta kira ba ya shiga. Sunan da aka rubuta kuma “Hajiya Maman ƴan biyu”, wanda babu shi a katin ɗan ƙasa na kowa. Ranar da kaya suka isa an yi wa Hajiya rasuwa ta tafi Doso, ba ta faɗa ba. Yaron da ta aika bai da lambar rasit, don tamu saƙon murya kawai ta tura cewa ta sa kaya, takardar tana ƙulle a bakin zanenta. Da kwanaki suka cika, aka juyo da kwali ga lambar da ke shiga, wato ta mai aikawa.

Babu ɓarauniya a cikinsu. Mata biyu ne kowace na ganin ɗayar ta ci amanarta, kuma kowace ta yi shiru.

Yadda muka buɗe kwalin

Ba mu bari ta buɗe ita kaɗai ba. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jahar Maraɗi a 1991, ƙarfin ƙungiyoyinmu shi ne komai a gaban kowa ake yin sa: kuɗi a ƙidaya da ƙarfi, akwati a buɗe da shaidu. Haka muka yi wa kwali. Wata yarinya ta riƙe waya tana ɗaukar bidiyo tun kafin a yanke igiya, aka nuna rubutun jiki da rasit, sannan aka fito da kaya ɗaya bayan ɗaya.

Turare lafiya lau. Kwalbar humra guda ta jikka 2 murfinta ya saki, ta tsiyaye cikin ledar dambu. Ga zafin ɗakin ajiya, ga na mota zuwa da dawowa. Dambun ya sha ƙamshi, ko kyauta ba mai ci. Asarar kaya jikka 10 ke nan. Muka tura wa Hajiya bidiyon a take, don gani ya kori ji.

Wa zai ɗauki asara

Nan ne aka yi muhawara mai zafi. Wasu suka ce a riƙe jikka 15 ɗin Hajiya, tunda ita ta ba da matacciyar lamba. Ma'ajiyarmu, wadda ta girme mu duka, ta ce: “Ɗiyata, kuɗin nan amana ne a hannunki. Mata ba ta ga ko tsinke ba, mi za ki ce kin sayar mata?” Aka yi shiru.

Abin da muka tsaya a kai shi ne kowa ya ɗauki gwargwadon laifinsa. Hajiya ta ba da lambar da ba ta kira, ta yi tafiya ba sanarwa, don haka kuɗin dawowa da na sake aikawa, jikka 4, nata ne. Tamu ta haɗa abinci da turare a kwali guda, ba ta ɗaure murfi ba, ba ta tura hoton rasit ba, don haka dambu da humra nata ne. Muka ba Hajiya zaɓi uku: a sake aika mata abin da ya tsira, ko ta sa wani nata da ke Maraɗi ya karɓa, ko a maida mata kuɗinta bayan an cire na mota. Ta zaɓi na farko. Kayan da suka tsira na jikka 20 ne, ta riga ta ba da 15, sai ta ciko 5, ta ɗora 4 na mota. Wannan karon kwana biyu kaya suka shiga hannunta.

A ƙarshe jikka 20 suka rage a hannun ƴar uwarmu, akwati na bin ta 22. Ribar 8 ta tafi, ta kuma cika 2 daga aljihunta.

Sai maganar akwati. Wata ta kawo shawarar a cire mata daga asusun taimako. Da yawa sun so, don tausayi. Amma dokarmu ta ce wannan kuɗi na rashin lafiya ne da haihuwa da rasuwa da gobara. In muka buɗe ƙofar asarar kasuwa, duk wadda ƙosanta ya yi kwantai za ta zo, ranar da cuta ta kama ɗan wata kuma a tarar babu komai. Abin da muka yi, mun ƙara mata sati ɗaya ba tara, sakatariya ta rubuta dalili a littafi, ta biya cif. Ta ji zafin hukuncin a ranar, ba mu ɓoye ba. Amma Hajiyar nan ta sake oda bayan Sallah, har ta haɗa ta da maƙwabciyarta.

Dokar da muka sa wa kanmu

Daga ranar, duk wadda za ta aika kaya da kuɗin akwati, zuwa Yamai ne ko Damagaram ko Tawa ko Agadas, ga abin da muka yarda:

1. A kira lambar mai saye da kira na gaske, ba ta WhatsApp ba, a ji ta shiga. A karɓi lamba ta biyu, ta miji ko ɗa ko maƙwabciya.

2. A rubuta sunan da ke kan katin wanda zai je ɗauka. In aike za a yi, sunan ɗan aiken za a sa.

3. A ɗauki hoton rasit da na kwali tun a tasha, a tura nan take. Wadda ba ta karatu ta sa sakatariya ta karanta mata abin da aka rubuta kafin mota ta tashi.

4. A tambayi ƴan tasha kwana nawa suke ajiye kaya, nawa ne kuɗin ajiya da na dawowa. Kowane kamfani da ƙa'idarsa, haka ma gidan waya.

5. Abinci daban, turare da sabulu daban. Kowace kwalba a naɗe murfinta, a sa ta a ledarta. Abin da ke lalacewa sai an biya kuɗinsa duka kafin a aika.

6. Tun kafin a karɓi kafin alƙalami, a faɗa a saƙon murya wa zai biya in kaya suka dawo, mai saye ta amsa, a ajiye saƙon kada a goge.

7. Washegarin aikawa a kira. In kwana biyu suka wuce ba a ɗauka ba, a koma tasha da rasit a sa su kira ofishinsu na can, tun kaya ba su juyo ba.

In kuma duk da haka kwali ya dawo, kada a buɗe shi a ɗaka, kada a taɓa kuɗin mai saye, kada a zagi kowa a waya ko a ɗora hotonta ana kiranta macuciya. A kawo shi gaban shaidu biyu, a kira ta ran nan, a fara da tambayar ko lafiya. Mu da muka tambaya, gaisuwar rasuwa muka fara yi kafin maganar kuɗi.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taron sati, don waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba su ma su ji. Ƴan uwanmu na Damagaram da Tawa masu aika kilishi da tabarmi da kayan fata, in kuna da wata dubara da ta fi tamu, ku aiko a buga mu ƙaru.

Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mana jarinmu da mutuncinmu. Amin.